Libarba mai kan gado da libarba mai ƙaƙale

Na daɗe ina son in faɗi ra'ayina a kan libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa, musamman waɗanda maƙeransu suka ƙi bin hanyar da kowa ya bi. Ba maganar mallaka nake yi ba, maganar ƙira ce da tarihi, kada wani ya zo yana min wa'azi.

Tun da Samuel Colt ya yi wa tasa rajista a Amurka a 1836, abin da ya sa mutane suka riƙe libarba shi ne rashin hayaniyarta. Ganga ce mai ramuka, sai bututu, sai kunama. In harsashi ya ƙi tashi, ka sake jan kunama (a tsofaffi irin ta Colt ta farko, sai ka fara ɗana guduma, wato ƙarfen da ke dukan harsashi), ganga ta juya ta kawo na gaba. Shi ke nan. Duk wanda ya zo ya ce zai gyara ta, to wannan sauƙin yake taɓawa, kuma a nan nake auna shi.

Ku ɗauki LeMat, wadda wani Bafaranshe mazaunin New Orleans ya yi wa rajista a 1856. Ramuka tara ne a gangarta, sannan a tsakiya, inda gangar ke juyawa, ya saka wani ƙaton bututu mai watsa ƙananan harsasai irin na harbin tsuntsu. Bindiga biyu a hannu ɗaya ke nan. Hafsoshin Kudu sun riƙe ta a yaƙin basasar Amurka, har da Janar J.E.B. Stuart. Sai dai nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi, ɗura ta aiki ne na zama, kuma abin da aka ƙera bai fi dubu uku ba. A ganina kwaɗayi ne ya haife ta.

Wadda ta fi burge ni, kuma ta fi ba ni haushi, ita ce Webley-Fosbery ta Ingila. Kanar George Fosbery ya lura cewa duk harbi bindiga na tokarar mai riƙe da ita, sai ya ce me zai hana a sa wannan tokarar ta yi aiki? Sai aka raba bindigar gida biyu. In an harba, rabin sama ya zame baya, wasu tsagogi masu zigizaga da aka yi a jikin gangar su bi ta kan wani ɗan ƙarfe, ganga ta juya, guduma ta ɗana kanta. Ta fito kasuwa a 1901, kuma masu gasar harbi sun so ta ƙwarai, domin kunamarta laushi gare ta kamar me. To amma ku duba abin da ya biyo baya. In ka riƙe ta da sanyin hannu, ba za ta kammala zagayenta ba. Da aka shiga ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, taɓo ya riƙa cika tsagogin nan yana tsayar da ita. Rundunar Birtaniya ba ta taɓa karɓarta a hukumance ba, hafsoshi ne suka riƙa saye da kuɗinsu. An ɗauko lalurar fistol, wato ƙaramar bindiga marar ganga mai ɗura kanta, an ɗora wa libarba, alhali a mafi yawansu harsashi shida ne dai a ciki kamar sauran. Wallahi abin kallo ce, amma ba zan ba wanda ransa ke kan layi ba.

Nagant kuwa, wadda aka zana a Liège ta Beljiyam, Rasha ta karɓa a 1895, ita ce hujjar masu ja da ni. Kowace libarba na da ɗan gibi tsakanin ganga da bututu, inda wuta da iska ke tsirtowa. A Nagant, ganga na matsawa gaba kafin harbi, bakin kwanson harsashi ya shige bututu ya toshe gibin. Shi ya sa ake iya saka mata abin rage ƙara, abin da ba ya yi wa sauran amfani. An ƙera ta har 1945, ta ga juyin juya hali da yaƙin duniya biyu. Sai a ce ai ga ƙaƙale ya yi nasara. Ni ban yarda ba. Kunamarta tauri gare ta har ta gajiyar da yatsa, kwanso bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ake zaro su, ƙarin ƙarfin da toshe gibin ya kawo kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da ya raya ta shi ne ƙwari, da gwamnatin da ta riga ta kafa masana'antarta a Tula.

Chiappa Rhino ta Italiya ce kaɗai nake cire wa hula. Emilio Ghisoni, wanda ya yi wata libarba mai suna Mateba tun farko, shi da Antonio Cudazzo suka zana ta, ta fito wajen 2010 bayan rasuwar Ghisoni. Abin da suka yi kawai, sun sauko da bututu ya daidaita da ramin ƙasa na ganga maimakon na sama. Don haka tokara na shigewa kai tsaye cikin tafin hannu, baki ba ya ɗagawa sama sosai, ko da harsashi mai ƙarfi irin .357 Magnum ne. Tana da nata aibin: kayan cikinta sun fi yawa, abin da kake gani kamar guduma a baya ba ita ba ce, ta ainihin tana ɓoye, kuma wanda ya miƙa babban yatsa gaba kamar yadda ake riƙe fistol zai sha wutar gibin nan, tunda ya sauko kusa da hannu. Muni kuwa, kada ma a yi magana. Amma in ta ƙi tashi, jan kunama kawai za ka sake yi, kamar sauran libarba na zamani.