Masu kashe mota a gangare, dan Allah ku saurara

Jiya na shigo motar haya daga Bauchi zuwa Gombe, mun wuce Alkaleri lafiya lau, sai da muka iso gangaren nan na Tumfure da ake sauka cikin gari kawai na ji inji ya yi tsit. Ashe direba ne ya murɗe ki wai yana tattalin mai. Na ce haba malam direba, da ranmu a ciki? Ya ce "Alhaji kwantar da hankalinka, ai birki a ƙafata yake." Wlh har na kwanta maganar nan tana cina.

Feda kaɗai ce a ƙafarka bawan Allah. A bayanta akwai wani baƙin abu kamar tukunya da makanikai ke cewa busta, shi ke ninka ƙarfin takunka, kuma da zuƙar iskar inji yake aiki. Daga nan masta, wato famfon birki, ta tura man birki ta ƙananan bututu zuwa tayoyi, wani ƙarfe mai kama da awartaki da ake cewa kalifa ya matse fad a jikin farantin da ke juyawa da taya, a tayoyin baya kuma motoci da yawa duram ne da laini ke yin wannan aikin. Gogayyar nan ce ke tsayar da mota, gudun ya koma zafi. To ka kashe inji, taku biyu ko uku ne ya rage maka a busta, daga nan feda ta yi tauri kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi, ga giya a firi babu abin da ke riƙe motar sai fad ɗin da ke ta ɗaukar zafi, ga fasinja shida da buhunan masara a but. Tirela ma haka, birkinta na iska ne kuma inji ke juya kwamfiresan da ke tara iskar.

Man birkin ma wani zance ne. Irin wanda ake cewa DOT 3, in sabo ne sai ya kai digiri 205 yake tafasa, in ya tsufa ya sha danshi ya dawo wajen 140. Amma akwai masu ɗura ruwan omo a maimakonsa, abin da tun digiri 100 ya fara tafasa, ka taka feda ta nutse har ƙasa ba komai.

Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 direbobi na ji a jikinsu, ban musa ba. Amma mai nawa ne a gangaren da bai kai minti biyar ba? Ni dai ban jira tasha ba, na ce ya sauke ni na hau napep.