Dokar Dukiyar Matan Aure ta Misisifi: Ba Don Tausayin Mata Aka Yi Ta Ba

Mutane da yawa, da sun ji cewa jihar Misisifi ta Amurka ta ba matan aure ikon mallakar dukiya tun 1839, sai su ɗauka kishin mata ne ya motsa 'yan majalisarta. Bashi ne ya kawo dokar, da kuma bayi.

A tsarin da Amurka ta gada daga Ingila, da an ɗaura aure, kuɗin mace da kayanta sun koma hannun miji, har bayin da ta zo da su daga gidan ubanta. In ya ci bashi, masu bin sa su kwashe. (Mu da muka saba sadaki da gadon mace nata ne, abin sai ya zame mana banbaraƙwai.) Tattalin arziki ya karye a 1837, manoman auduga suka nutse cikin bashi, iyaye masu hali suka ga bayin da suka ba 'ya'yansu mata na salwanta saboda sakacin surukai.

Dokar ta hana a kama bayin mace don bashin miji. Amma miji ne ke juya su, shi ke karɓar abin da suka noma. Sunan mallaka nata, moriya tasa.

In zama ya ƙi kuwa, fita ba sauƙi. A Karolina ta Kudu, wata jihar Amurka, babu saki kwata-kwata sai a 1868. Su kuwa bayin da ake wannan ja-in-ja a kansu, doka ba ta ma san da aurensu ba, ana iya sayar da miji gabas, mata yamma.