An raba maskom gida bakwai, amma kyamarar ɗaya ce

Tun da aka fara tallar sababbin kwasa-kwasan da aka ciro daga cikin maskom, wato kwas ɗin koyon aikin jarida da sadarwa, nake ganin wata irin murna a Facebook da ke ba ni haushi. Kowa sai rubuta yake "alhamdu lillahi an zamanantar da karatun sadarwa", a wasu jami'o'in sashe ya koma tsangaya guda, malamai na ta taya juna murna, yara kuma ana ta zuga su wai ku yi maza ku cike sabon kwas shi ke da kasuwa yanzu. Ni dai na duba na sake dubawa ban ga abin murna ba tukuna, aƙalla ba a nan Zamfara ba.

Kun san labarin ai. A 2020 hukumar jami'o'i ta NUC ta sanar da raba digirin maskom gida bakwai: aikin jarida, watsa shirye-shirye, hulɗa da jama'a, talla, fim da maltimidiya, sadarwar ci gaban al'umma, sai nazarin bayanai da kafofin yaɗa labarai. A Disambar 2022 aka ƙaddamar da sabuwar manhajar nan ta CCMAS, wadda NUC ta riƙe kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da kanta. Daga baya NBTE mai kula da foliteknik ta bi sahu, ta raba babbar difloma ta maskom gida uku, aikin jarida, sadarwar hukumomi da kamfanoni, da haɗa fim. Hujjarsu ita ce fagen ya yi faɗi da yawa, yaro na fitowa ya san komai kaɗan-kaɗan bai ƙware a komai ba. A takarda wannan magana ba ta da aibu.

To amma wa zai koyar? Malaman da jiya suke koyar da komai daga tarihin jarida har dokokin yaɗa labarai, su ɗin ne dai yau aka rarraba, wannan ya zama na fim, wancan ya zama na talla, ba tare da an tura kowa ya ƙaro wani abu ba. Mutumin da bai taɓa zama gaban kwamfuta ya yanka bidiyo na minti biyu ba yanzu shi ke koyar da darasin haɗa fim, ya zo ya karanto ma'anar edita daga handawut, yara su rubuta, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Situdiyo in akwai shi a kulle yake, makullin na hannun wani ma'aikaci da ba ya zuwa sai Laraba, in an buɗe babu wuta, in an ce a tada janareta a ce ku haɗa kuɗin mai. Kyamara ɗaya ce ga aji guda, ita ma kallonta ake daga nesa don kar wani ya ɓata. Kuma duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan ya ji labarin yadda ake aro kayan aiki har da malamai in masu tantance kwasa-kwasai za su zo, a yi fenti, a jera kwamfutoci, su tafi ranar Juma'a, Litinin kaya su koma wurin masu su. Tuwo ɗaya ne aka raba a kwano bakwai, ba a ƙara ko cokalin gari ba, sai kwanukan wanki da suka ƙaru.

Ku shiga kowace bizines santa a Gusau ku ga wanda ke zana fostar 'yan siyasa da katin ɗaurin aure da allon shaguna. Yaro ne da ya koya a hannun maigidansa da manhajar zane ta CorelDraw, wani ma da wayarsa kawai yake yi, Canva da CapCut, bai taɓa taka foliteknik ba. Mai babbar difloma a sadarwa shi ke zuwa wurin yaron nan ya biya a zana masa bangon firojet ɗinsa. Wannan abin kunya ne, kuma sabon suna a kan satifiket ba zai wanke shi ba.

Akwai ma wani haɗarin da masu murnar ba sa faɗa wa yara. Ƙwarewa a abu ɗaya tak tsarin kasuwar Legas ne da Abuja, inda akwai kamfanonin talla da manyan gidajen talabijin da kowa ke da teburinsa. Nan fa? Gidan rediyon da zai ɗauke ka a Gusau ko Birnin Kebbi so yake ka ɗauko rahoto, ka fassara, ka karanta labarai, ka naɗi tallar mai maganin gargajiya, ka yanka murya, da daddare kuma ka kula da shafinsu na Facebook, duk a albashi ɗaya, in ma an biya. Sai ka ɗauki yaro daga Maru ko Shinkafi ka ba shi digirin talla zalla, ina zai kai shi? Tsohon maskom ɗin da ake rainawa aƙalla yana ba mutum damar lallaɓawa ko'ina.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ya fi damuna shi ne an zauna an yi ta yanka kwas ana ɗinkewa, ba wanda ya tsaya ya tambaya da wa yaran nan za su yi magana in sun gama, kuma da wane harshe. Shekara huɗu ana koya wa ɗalibi rubuta sanarwar manema labarai da Turanci, ya fito aiki ya tarar mutanen da ake so saƙo ya kai gare su Hausa suke ji, wasu Fulatanci, da yawansu ba sa karanta boko, wasu ajami suke karantawa, mafi yawa kuma rediyo ne da saƙon murya na WhatsApp. Sai a bar shi ya koyi fassara a bakin aiki, shi ya sa kake jin sanarwar gwamnati a rediyo kalmomin Hausa ne amma ba ka gane me ake so ka yi.

Mu fa a jihar nan mun ga abin da rashin isar da saƙo ke jawowa da idonmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, ga kuma Bagega da sai 2013 aka samu aka tsaftace ta. Musabbabin kowa ya sani, dutsen zinari ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi magani, an kwashe ƙasar da ta gurɓata, amma babban aikin da ya rage na magana ne: yaya za ka shawo kan magidancin da wannan dutsen ne abincinsa ya daina kai shi cikin gida, ya yi wanka ya canja kaya kafin ya ɗauki ɗansa, alhali gubar ba a ganinta, ba ta wari, kuma yaron da ta kama ba lallai ya nuna alama nan take ba? Yaya za ka isar da wannan ga matar da ke cikin kulle, wadda ita ce ke dakan? Wane hoto za ka zana wanda ba ya karatu ya gane da kallo ɗaya? Ta bakin wa za a faɗa, liman ko mai gari ko ungozoma? Wannan shi ne sadarwar ci gaban al'umma, kuma shi ne zanen saƙo. Darasin zango guda ne cur, ya faru a ƙofar gidanmu, amma yaranmu na can suna haddace sunayen Turawan da suka ƙirƙiro nazariyyoyi a Amurka shekara saba'in da suka wuce.

Ko ku tuna sace 'yan matan makarantar Jangebe, Fabrairun 2021. 'Yan sanda suka ce ɗalibai 317 aka sace, da aka sako su aka ce 279 ne. Ba ina zargin kowa da ƙarya ba ne, a cikin ruɗani irin wannan lissafi na kuɓucewa, amma ka sa kanka a matsayin uban da ke tsaye bakin makaranta, wa zai faɗa masa gaskiyar lamari, makaranta ko ma'aikatar ilimi ko 'yan sanda ko gidan gwamnati? Waye ke riƙe da rajista, waye ke da izinin magana, a wane lokaci? Sadarwar cikin hukuma ke nan, ba wani abu ba. A Satumbar shekarar aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, makonni ba kira ba data, wasu sai sun fita jihar kafin su yi waya. Ran nan duk wani gwanin soshiyal midiya ya zama ɗan kallo, aka koma rediyo da masallaci da mai shela. Ina kwas ɗin da ke koya wa ɗalibi yadda asibiti ko ƙaramar hukuma za ta sanar da jama'a abu in babu netwok?

Ita sadarwar hukumomin ma da ake ta yi wa kirari, mu faɗa wa juna gaskiya a kan abin da ta zama a wurinmu. Jami'in yaɗa labarai aikinsa ya koma ɗaukar hoton oga yana yanka ƙyalle, da rubuta "mai girma ya jaddada ƙudirinsa", da haɗa sojojin baka su zagi wanda ya yi tambaya. A cikin ma'aikatar kuwa ƙaramin ma'aikaci a guruf ɗin WhatsApp yake jin za a yi tantancewa, sakula ta fito yau gobe wata ta fito ta warware ta, nas ba ta san an canja jadawali ba sai ta zo, malamin firamare a Tsafe bai san wa zai kai wa kuka ba in an tsallake shi a albashi. Saƙo daga sama yake gangarowa kawai, ba ya hawa. In kwas ɗin da aka yi wa sabon suna zai ci gaba da yaye masu rubuta yabo ne, to an ƙara wa 'yan siyasa ma'aikata ne kawai da kuɗin iyayen yara.

Abin takaicin, magabata sun fi mu gane wannan. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun a 1939 ta fara fita da Hausa. Zamanin yaƙi da jahilci an buga ƙananan littattafai a Zariya daidai fahimtar manomi, an yi ta yawo da majigi gari-gari ana nuna tsafta da noma, mai bayani na tsaye da lasifika yana yi da harshen mutane. Eh, mulkin mallaka na da manufarsa a ciki, amma ta fuskar sanin mai sauraro sun yi mana nisa. Yau ga waya a kusan kowane gida, mun kasa zana fosta ɗaya ta rigakafi da ƙ da ɗ ba su koma akwati-akwati ba.

Na san za a ce ai Turanci ne harshen duniya, kar a takure yara. Ba wanda ya ce a daina Turanci, kuma sassan Hausa na BBC da DW da RFI da suka ɗauki 'yan arewa da yawa aiki, saboda Hausarsu suka ɗauke su. Masu cewa a soke kwas ɗin ma baki ɗaya tunda kowa da waya ɗan jarida ne, su je su karanta irin ƙaryar da ake yaɗawa duk ranar da aka kai hari sannan mu yi magana. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU kuma ta yi ta faɗa a kan kashi 70 da NUC ta riƙe, tana da hujja, amma ni tambayata me aka zuba a cikin 30 ɗin da aka bari, in ba tsofaffin handawut da aka canja wa bango ba?

Nan ne ya kamata makarantunmu su tsaya, daga Jami'ar Tarayya ta Gusau zuwa foliteknik na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, har da na maƙwabtanmu a Kebbi, duk wadda ke da kwas ɗin ko take shirin buɗewa. A sa rubutu da fassara da gabatarwa da Hausa su zama dole, ba zaɓi ba. A daina firojet ɗin babi biyar da ake saye a shagon intanet, a tura ɗalibi wani asibitin karkara ko ofishin ƙaramar hukuma ya gano inda saƙo ke maƙalewa, ya haɗa saƙon murya da fosta da ɗan bidiyo, a gwada a kan mutanen gari, in ba su gane ba ya faɗi. Wayar da ke aljihunsa ta isa a fara, ba sai an jira TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta gina wani dogon bene ba. Yaron bizines santa ɗin nan a ɗauko shi ya koyar da firatikal a biya shi, ko da kuwa ba shi da digiri, in hakan ya ɓata wa wani farfesa rai sai ya zo ya nuna mana nasa zanen. Su kuma NUC da NBTE su daina aiko da takarda wata guda kafin su zo tantancewa, su faɗo ranar Talata da rana tsaka su ce a buɗe situdiyo, a kira ɗalibin aji uku ya kunna abin da ke ciki. Makarantar da ta kasa wannan a hana ta buɗe sabon kwas, ta riƙe tsohon maskom ɗinta har ta shirya.