Kada a fara koya wa yara wata daga allo

A ganina, babban kuskure a darasin duniya da wata shi ne fara shi da zane. Malami ya zana da'ira biyu manne da juna, yaro ya tashi da tunanin wata na nan kusa, kuma inuwar duniya ce ke rage shi. Wannan inuwa ai husufi take kawowa, ba raguwar wata ba.

A samu ɗaki mai duhu, kwan fitila ɗaya mara murfi, da lemu da aka soke da fensir. Tocila ba ta cika yi ba, haskenta siriri ne. Fitilar ce rana, kan yaron duniya, lemun wata. Ya miƙe hannu yana fuskantar fitilar: gefen lemun da yake gani duhu ne, ƙarshen wata ke nan. Sai ya riƙa juyawa hagu sannu a hankali, jinjiri ya bayyana, sai rabi, har ya juya wa fitilar baya lemun ya cika.

A nan ake samun matsala. In lemun na daidai da fuskarsa, inuwar kansa za ta rufe shi. A ɗaga masa hannu sama kaɗan, a gaya masa hanyar wata a karkace take da kusan digiri 5, shi ya sa ba kowane wata ake husufi ba. Farin bango ma yana dawo da haske ya ɓata iyakar duhun, gara a tsaya a tsakiyar ɗaki.

Nisa kuwa, a fita tsakar gida. In ƙwallon ƙafa ce duniya, lemu ne wata, tsakaninsu wajen mita 6 da rabi. A zahiri kimanin kilomita 384,000 ne. Yara su auna da igiya da kansu.

Sannan tun daga tsayuwar wata, kullum bayan magariba su zana abin da suka gani har kwana 14. Bayan nan fitowarsa na jinkiri, kusan minti 50 kowace rana, sai a koma duba shi da safe ta yamma. Zagayen kwana 29 da rabi ne, dalilin da azumi kan zo 29 ko 30.