Don Allah ku daina buɗe min injin ƙyanƙyasa

Wai me ya sa duk wanda ya shigo gidan nan sai ya ɗaga murfin injin ƙyanƙyasar ƙwai? Ga gilashi a jiki, ka leƙa ka gani mana. A'a, sai an buɗe.

Kwana 21 ƙwan kaza ke yi kafin a ƙyanƙyashe shi. Zafi ya tsaya wajen digiri 37.5, kullum ana juya ƙwan, ana zuba ruwa a ɗan faranti saboda danshi. Daga kwana na 18 sai a daina juyawa, a ƙara ruwa, a rufe ruf. Ka buɗe lokacin da ɗan tsako ya fara huda ɓawo, danshin ya fice, 'yar fatar ciki ta bushe ta manne masa, ya mutu bakinsa a waje.

Haka aka yi min makon jiya. Sati uku ina tashi cikin dare in tayar da janareta duk sanda aka ɗauke wuta, fetur kuwa kun san kuɗinsa. Ranar kwana na 20 maƙwabcina ya shigo da yaransa, ya buɗe yana nuna musu, har ya ɗauki ƙwai ɗaya ya kara a kunne. Cikin ƙwai 30, 'yan tsaki 11 na samu.

Da na yi magana sai ya ce, "Haba Malam, kaza ma ai tana tashi daga kwanci." Tana tashi, amma ba ranar ƙyanƙyasa ba. Je ka miƙa hannu ƙarƙashinta ranar ka sha caka.

Kwaɗo na sayo na datse ɗakin, makullin yana aljihuna.