Jirgi ba ya jira, in ji ni da bakina

Tunda bidiyon nan da aka ɗauke ni ina ɗaga hula a kan tudun yashi a kogin Wudil ya riga ya zaga har surukaina na Gaya sun bugo suna min jaje, gara ku ji daga bakina, saboda wanda ya ɗauka bai fara ɗauka ba sai daga inda ya ga dama, kuma kun san shi.

Yara ne suka jawo. Cikin azumi bayan shan ruwa suka karɓi wayata, suka ci karo da wani jirgin ruwa a TikTok wai shi Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miyami ta Amurka a watan Janairun 2024, hawa ashirin, in ya cika yana cin mutum 7,600 ban da ma'aikata, wato a kwashe garinmu kaf har da mai unguwa a zuba kuma a samu wurin shanya. Kuma ba wani gari za shi ba, yawo ne zalla, mako guda a teku ana tsayawa tsibiri-tsibiri. Akwai wani a Bahamas, CocoCay, na kamfanin jirgin ne, da safe a sauke ku, yara su yi ta sulu ta cikin wasu dogayen bututu suna faɗawa ruwa, iyaye na kwance a inuwa, da yamma a kwashe ku. Disney ma suna da nasu tsibirin, Castaway Cay, masu hali kuwa haɗawa suke da Disney World na Orlando su ƙarasa hutun a kan lilo. Wurin nan tun 1971 aka buɗe shi, shekarar da aka fara ginin dam ɗin Tiga zamanin Audu Bako, kowa dai da abin da ya sa a gaba.

Auta ta ce Baba ka kai mu. To ni malamin makaranta ne, ba na cewa a'a sai na yi lissafi. Biza kaɗai da na duba dala 185 ce kowane kai, a je Abuja ko Legas a bi layi, in an hana ka kuɗinka sun tafi. Mu tara ne, dala 1,665 ke nan, ba a taɓa maganar fasfo ba balle jirgin sama. Na juya shi zuwa buhunan masara, na rufe littafin a hankali, na ce musu akwai na gida.

Na gidan shi ne kogin Wudil. Da bazara in ruwa ya ja akwai tudun yashi da ke fitowa a tsakiya har da 'yan ciyayi, tsibiri ke nan, ba wanda zai ce min ba tsibiri ba ne. Washegarin Sallah mu hau kwale-kwale da safe, mu ci kaza a can, sha biyu daidai mu dawo, mu hau motar Kano, gidan zoo da lilo, kafin isha muna gida. Na rubuta a kwali na manna a ƙofar ɗaki.

Cikin duk abin da na karanta kan jiragen nan, abin da ya fi burge ni shi ne ba sa jira. An rubuta lokacin dawowa, in ka tsaya sayen tsaraba ka makara zai busa ƙaho ya ɗaga, kana tsaye a gaɓa kana kallon kayanka suna tafiya, kuma kai za ka nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunka. Akwai bidiyoyin mutane suna gudu da ledoji, na saman jirgi suna musu ihu. Na ce wannan ita ce tarbiyya, domin a gidana in aka ce za a fita da hantsi to azahar ce, maman yara sai ta ɗaura ɗankwali ta kwance har ya gaji. Na tara su na yi musu wa'azi a kai. Na ɗauko usur ɗin makaranta na rataya wa babban ɗana, na naɗa shi kyaftin. Mai kwale-kwalen ma na ja shi gefe na ce masa sha biyu daidai in yaron nan ya busa sau uku ka tashi, kar ka jira kowa, ko ni ne. Ya ce ko kai ne Malam? Na ce ko ni ne.

Yanzu maƙwabcina. Ba wanda ya gayyace shi. Muna fitowa muka tarar da shi a ƙofar gida da yaransa an shafa musu mai, wai ya ga kwalin ne da ya shigo aron ashana. Mutumin nan injin ban-ruwana yana hannunsa tun noman rani na bara waccan, ya ce kwana biyu zai ba albasarsa ruwa ya dawo da shi, an cire albasar, an kai kasuwa, ya sayi babur da kuɗin, an sake shuka wata, injin yana can. In na tambaya sai ya ce ai yana nan lafiya, sai ka ce lafiyarsa na tambaya. Ran nan ma ɗansa ya zo wai babansu ya ce in ba da kuɗin bakin mai tunda injina ne. Wallahi. To shi ne ya zauna a gaban kwale-kwale inda na tanadar wa kaina, bai biya ko sisi ba, da muka sauka kuma aka buɗe kula cinyoyin kazar nan biyu duk shi, yana ci yana cewa gishiri ya ɗan yi kaɗan.

Ban da wannan komai ya tafi daidai, yara sun yi wasa da yashi, auta ta ce ya fi na waya. Takalmina sabo ne na Sallah, sai na bar shi a cikin kwale-kwale kar ya jiƙe. Wayata na hannun auta.

Wajen sha biyu saura sai cikina ya juya. Zoɓon ne, na san zoɓon ne, kuma matar wa ta haɗa shi, ba sai na faɗa ba. Na ɗauki buta na lallaɓa can ƙarshen tudun bayan ciyayi. Ina tsugune na ji usur, fiit. Na ce yaro yana gwaji ne. Fiit na biyu. To kun san wurin ba wurin magana ba ne, ba ka isa ka ɗaga murya ka ce ku jira ni ba, sai na yi gyaran murya. Na ƙara gyaran murya. Na yi wata irin gyaran murya da ko a zauren mai unguwa aka yi ta sai an fito an duba, amma iska na kaɗawa ta ɗaya ɓangaren. Fiit na uku.

Da na fito babu kowa, sai ƙasusuwan kaza da ledojin ruwa, kwale-kwale ya kusa shan kwana, ina hango jan ɗankwalin maman yara. Ita ta ce ta tambaya ina Malam, maƙwabcin ya ce doka doka ce, Malam da kansa ya kafa, in aka jira shi ransa zai ɓaci. Kyaftin kuma ya ce Baba kai ka ce ko kai ne.

Da farko da mutunci na fara. A gaɓar da ke fuskantata akwai masu wanki da masu lodin yashi a tifa, na ɗaga hannu na ce salamu alaikum bayin Allah. Ba wanda ya juyo. Na ƙara murya. Rana ta take, yashin nan ya ɗau zafi, ni kuma ba takalmi, in na taka da dama sai in ɗaga in taka da hagu, haka na dinga yi, babbar riga na kaɗawa, buta a hannu ɗaya, hula a ɗaya ina ɗaga ta sama. Wannan wurin ne aka sa wa kalangu a bidiyon. Ba rawa nake ba jama'a, ƙafata ce ke gasuwa.

Mutane suka fara taruwa, yara masu yawon Sallah, 'yan acaɓa, mai rake har da baronsa. Suna ta yafito ni da hannu suna cewa taho, taho. Na ce ban iya ruwa ba! Ni da ruwa sai alwala da wanka, duk wanda ya san ni ya sani. Suka fashe da dariya. Na ce a raina duniya ta lalace, mutum na cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai ana masa dariya. Wani dattijo mai farin gemu ya matso bakin ruwa yana bubbuga gwiwarsa yana nuna min, ya bubbuga ya nuna ruwa, ya bubbuga ya nuna ni. Na ɗauka cewa yake in durƙusa in kai kukana ga Allah. Na ga shawara ce ta manya, na ajiye buta na durƙusa a kan yashin nan mai zafi cikin sabuwar shadda, na ɗaga hannu sama. Ihun da aka yi sai da direbobin tifa suka kashe mota suka sauko.

Daga nan sai tunani ya zo min cewa in aka saki ruwa daga Tiga tudun nan nutsewa zai yi, don haka na miƙe na fara wasiyya da ƙarfi. Na faɗi sunana da garinmu da makarantar da nake koyarwa. Na ce ku shaida ba wanda ke bina bashi sai mai shayi. Na ce ku shaida injin ban-ruwana yana hannun wane, a karɓo a ba 'ya'yana, ban yafe ba. Ashe wanen yana tsaye a sahun gaba, ya zagayo ta bakin gaɓa a guje, waya a hannu yana ɗauka. Wannan wurin ne kaɗai ya yanke a bidiyon.

Ana haka sai ga wata 'yar Fulani mai tallan nono, ba za ta wuce shekara goma ba, ƙwarya a ka. Ta ratso mutane, ta ɗan tattare zaninta da hannu ɗaya, ta shigo ruwan. Na ce ke yarinya koma! Koma za ki nitse! Ku riƙe ta mana! Ba ta ko kalle ni ba. Tana tahowa ina jiran in ga ruwa ya kai ƙugu, ya kai wuya, ruwan nan ya tsaya a ƙwauri ya ƙi hawa. A tsakiya ne ma ya ɗan taɓa gwiwarta, gwiwar yarinya 'yar shekara goma, har ta tsaya ta gyara gammo. Ta fito ta zo gabana ta sauke ƙwarya ta ce Baffa, ta nawa za a dama maka?

Wai ta ga ina ta ɗaga hula ne ta zaci fura nake kira.

Gaɓa ta yi tsit, kowa na jiran abin da zan ce. Na laluba aljihu na ce ta ɗari biyu. Ta durƙusa ta dama a nutse, ta tambaye ni a sa suga, na ce a sa. Na tsaya a gaban mutanen nan da cikin da kuka sani na shanye furar nan ludayi bayan ludayi ina kallon sama, wai don a ga abin da ya tsayar da ni ke nan. Da na gama ta ɗauraye ludayin ta ɗora ƙwarya ta ce biyo ni Baffa, ba rami. Na naɗe babbar riga har ƙirji, na riƙe wando, na saƙale buta a ɗan yatsa, na bi bayanta tiƙis-tiƙis kamar akuyar da aka sayo daga kasuwa, ruwa iya ƙwauri, in ta ɗan yi gaba in ce ke jira ni. Muna isa aka sa tafi. Mai rake ya miƙo min guda kyauta. Dattijon nan ya kama hannuna ya ce Malam tun ɗazu ai ce maka nake iya gwiwa ne. Wani yaro ɗan aji huɗu, ɗalibina, Allah kaɗai ya san abin da ya kai shi Wudil ranar, ya rusuna ya ce sannu Malam, ya hanya.

Mai kwale-kwalen kuwa ashe ta baya ya zagaya da mu, ta inda masu ɗibar yashi suka haƙa ruwa ya yi zurfi, don kuɗin ya cika. Da na tuhume shi sai ya ce Malam kwale-kwale ka ce kana so, ba ka tambaye ni ko ana takawa ba. Maman yara ta ce ta roƙe shi ya koma ya ɗauko ni, ya ce sai an biya sabon kuɗi, saboda ya ji ni ina gaya wa yara cewa wanda jirgi ya bari da kuɗinsa yake bi. Ita tana ba ni labarin ne tana toshe baki da mayafi, wai tari take.

Kano dai ba a je ba. Kafin a nemo takalmina ƙafa ɗaya da ya shige ƙarƙashin katako la'asar ta kawo kai, cikina kuma ya sake magana saboda furar. Yara har yanzu suna bina lilo, na ce sai babbar Sallah, auta ta ce a rubuta a kwali, na ce ba za a rubuta ba. Usur ɗin ma hedimasta ya tambaya, yana wurin kyaftin ya ƙi bayarwa.

Shekaranjiya maƙwabcin ya aiko ɗansa da injin a baro, ko sallama bai yi ba ya ajiye a zaure ya tafi. Na duba, babu tiyo, murfin tankin ma ba nasa ba ne, leda aka cusa. In akwai wanda ya san inda ake samun tiyo mai inci uku da ɗan sauƙi a kasuwar Wudil ya yi min magana kafin Juma'a, amma ya saya min ya taho da shi, ni ba zan shiga garin ba yanzu.