Ba Sai An Sa Wuƙa Ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sai likita ya tsaga fata da wuƙa sannan doka ta ɗauki aikinsa a matsayin shiga cikin jiki. Ba haka ba ne. Dokar Tarayyar Turai kan kayan asibiti, mai lamba 2017/745, ta ce duk abin da ya kutsa jiki, ko ta fata ko ta ƙofa kamar baki da dubura, yana wannan rukuni. Robar fitsari ma tana ciki. Har tsawon zaman abin a cikin jiki ana lissafawa: ƙasa da minti 60, zuwa kwana 30, ko fiye. Ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne ƙwayoyin cuta sun sami hanyar shiga jiki, kuma robar da ta daɗe ita ce kan gaba wajen jawo ciwon mafitsara a asibiti.